Fatar Mai Burodi

Litinin, 3 ga Maris
Yau aka kawo ɗan yankin fatar mai burodin nan da wutar gashi ta cinye wa hannu. Bai fi farce ba. Da shi za mu raini ƙwayoyin fata a ɗakin bincikenmu, waɗanda za su rufe ciwon, kuma likitansa ya ce babu inda za a sake yanka. Injiniyarmu ta manna wata 'yar na'ura a gindin kwanon rainon, kamar ƙwayar wake, ba igiya ba komai. Wai ita za ta riƙa aiko mana labarin ɗumi da girman ƙwayoyin ta waya. Wai kada a buɗe akwatin ɗumi sai ranar sauya musu ruwa. Shekara goma sha tara ina duba ƙwayoyi da idona kowace safiya, yau wake zai koya min aiki!

Laraba, 5 ga Maris
Na buɗe. Minti biyu kacal a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Lafiyarsu ƙalau.

Alhamis, 6 ga Maris
Na sake. Gani ya kori ji.

Litinin, 10 ga Maris
Girma ya ja baya. Farfesa ya tara mu, Injiniya ta haska zanen da na'urar ta aiko a bango: kullum bakwai da kwata ɗumi na faɗuwa, ƙwayoyin su daɗe ba su farfaɗo ba. Ta ce, "Ƙila na'urata ce, Farfesa." Ko kallona ba ta yi ba. Alhali kowa ya san mai fara zuwa aiki. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Na'urarki lafiya lau, ƙanwata. Ni ce."

Na gaya wa Yaya, sai dariya. "Ke da ko tukunya ba kya bari ta tafasa!"

Talata, 11 ga Maris
Ban buɗe ba. Hannuna har ƙaiƙayi yake. Na wanke kwalaben da ba su yi datti ba.

Asabar, 15 ga Maris
Matar mai burodi ta tare ni a baranda. "Baiwar Allah, fatar tana girma kuwa?" Na ce rabona da in duba kwana biyar. Fuskarta ta canja. Na nuna mata layin girman a waya, yana hawa. Ta bi shi da yatsa har ƙarshe, ta ce Alhamdulillahi.

Alhamis, 27 ga Maris
Fatar ta kai faɗin tafin hannu. Da aka zo ɗauka, Injiniya ta matsa min gefe. "Anti, ki leƙa mana ko sau ɗaya." Na ce a'a, a tafi da ita da ɗuminta. Sauri ake, ba wani abu ba.

An shiga da mai burodi tiyata ƙarfe tara. Allah ya sa ta kama.