Na Ba Mai Gora Filafili

Inno, ki taimake ni, na ɓata wa abokina rai a kan wasa.

Ni ma'aikaci ne a Birnin Kebbi, bara aka yo mini canji daga Sakkwato. Duk Asabar bayan la'asar mukan taru mu huɗu a zaurena a Badariya mu yi wasan labari da Simeon, malamin kwaleji, ya koya mana. Ba caca ba ce. Ni ke ba da labarin, kowa da jaruminsa, in abu mai wuya ya taso sai in ce a jefa ɗan lido: babbar lamba jarumi ya tsira, ƙarama ya faɗi. Wallahi duk mako ba abin da nake ɗoki kamarsa.

To, ni ko jarumi zai wuce akuya sai na ce a jefa, a ga ko an ji motsinsa. Ran nan abokina Maigandi, mutumin Argungu, ɗan masunta, jaruminsa zai wuce sansanin 'yan fashi a bakin gulbi. Ya ce jarumin zai kwanta bisa gora ruwa ya tafi da shi. Na sa ya jefa, ya tsira. Na sake sawa, ya tsira. A na uku ɗaya ta fito, sai na ce filafilinsa ya bugi jirgi, an kama shi. Maigandi ya tambaye ni ina mai gora ya samo jirgi, balle filafili. Aka yi ta dariya, ni kuwa na kafe. Asabar biyu ke nan bai zo ba, wasan duk ya yi lami.

Mai Lido, Badariya

Mai Lido, na yi dariya, amma na ji daɗin wasiƙarka. Kana da gaskiya a wuri ɗaya: in ba a jefawa, ba fargaba, wasa ba zai yi armashi ba, kuma 'yan fashi suna da kunne. Jifa ɗaya haƙƙinka ne. Sauran biyun neman faɗuwarsa ka yi.

Kafin ka ce a jefa, duba ko akwai mai ji, kuma ko akwai abin da za a rasa in an ji. In babu, bar mutum ya wuce. Akuya ba ta kai ƙara. Wanda kuma ya kawo dabara mai kyau, ka sauƙaƙa masa.

Ba kamun ne ya ɓata wa Maigandi rai ba, ƙin sauraronsa ne a kan ruwan da ya tashi a ciki. Shiga mota ka je Argungu ka ba shi haƙuri, ka ce ya nuna maka yadda ake hawan gora. Ranar Asabar ka mai da jaruminsa gulbi, ka karɓe filafilinka. Allah ya bar zumunci.

Inno