Shibra a Gonar Iri

Litinin, 12 ga Agusta 1996

Hatsin gonar iri ta Safo ya fara bununi. Shekara da shekaru ina haɗa zango, dogon hatsinmu na gida, da gajeren irin nan mai saurin nuna da furoje, shirin bunƙasa noma, ya ba mu, sai bana ya tsaya kai ɗaya. Ya kamata in yi murna. Amma gonar Gwaggo Inde, ƙanwar babana, da ke iyaka da tamu, cike take da shibra. Ita ma tana bununi, kuma daga can iska ke busowa.

Laraba, 14 ga Agusta

Na same ta tana yankar waɗanda suka nuna. Na yi mata bayani: shibra ɗiyar hatsi ce da hatsin daji, jininsu ɗaya, shi ya sa suke barbarar juna. In bununinta ya sauka kan irina, baɗi ƴaƴan za su ɗauko halinta, ƙananan ƙwaya masu zubewa kafin girbi. Na roƙe ta ta bar ni in tumɓuke shibrar. Ta bari na gama. Ta ce rumbunta ya ƙare tun watan jiya, shibra ce ke riga kowa nuna, da ita take dama wa jikoki kunu.

"Tumɓuke, Mainasara, in ka zo musu da abin da za su sha."

Gidana ma awo muke yi.

Alhamis, 15 ga Agusta

Na rufe zangarniyoyi da jakar takarda don kada bununin shibra ya sauka musu. Jakunkuna sun ƙare ban kai rabin gona ba. Bayana kamar an yi mini duka.

Asabar, 17 ga Agusta

Ruwa da iska. Takardu duk a ƙasa.

Talata, 20 ga Agusta

Mushe Al'amin, shugabanmu, ya zo daga Maradi. Ya tambaya ko akwai wani hatsi kusa da gonar. Na ce ɗan abin da ba a rasa ba. Bai sauko daga mota ba, ni kuma ban matsa ba.

Lahadi, 22 ga Yuni 1997

Mun shuka irin bara. Matata Bilki ta ce ko tuwo nake ci, idona na kan sama. Allah ya rufa asiri.

Juma'a, 8 ga Agusta

Masu halin shibra sun fito. Siraran kara, ƙananan kawuna masu gashi, ko'ina tsakanin kunya. Na zauna ƙarƙashin gawo har Juma'a ta kusa wuce ni.

Litinin, 18 ga Agusta

Mushe ya zagaya gonar da ƙafa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce iri ya gurɓace, ba za a raba wa manoma ba, a sare duka. Aikin zai koma garin Sarkin Yamma, hannun wani. Na faɗa wa Bilki na bar harkar iri, ko kamun kifi ne in koma yi a tafki. Ta ce to.

Alhamis, 21 ga Agusta

Gwaggo ta zo da kanta, a ƙafa.

"An ce na ɓata maka aiki."

Na ce a'a, Gwaggo, iska ce. Ta daɗe tana kallon gonar. Can ta tambaya, a hankali, ko za a bar su su yanki shibrar kafin a sare. Dariya ta kama ni, ban san dalili ba. Na ce su zo.

Talata, 2 ga Satumba

Wajen sara na ci karo da wasu ƴan gindi a gefen gabas. Sun nuna tare da shibra, amma zangarniyarsu kauri gare ta. Na girgiza, na sake girgizawa, ƙwaya ba ta zube ba. Galibi irin waɗannan baɗi halin daji suke komawa, na sani. Na dai ce a bar su, na ɗaura musu tsumma.

Bilki ta tambaya me zan yi da ƙaramin goranta da na wanke. Na ce ajiya ce kawai.

Gobe sai na yi sammako, kafin tsuntsaye su riga ni.