Tuwon Dankalin Kaka Miriyamu

Madarumfa, 2 ga Disamba

Zuwa ga angona Li'azaru, malamin lakwal mai koyar da 'yan makaranta a Yamai,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina gajiya, ina ɗawainiyar yara? Mu nan duk lafiya, sai gwiwata da ba ta jin magana.

Uwarka ta ce mini wai bana ba za ka zo Nowel, bikin haihuwar Almasihu, ba. Na tambayi dalili, ta yi ta kame-kame, wai dokotoro ya hana ka abinci. Na ce wane irin dokotoro ne wannan, ga mutum kamar karan dawa, a kuma hana shi ci? Ko dai ka samu wata 'yar Zabarmawa ce ta fi ni iya miya? Gaya mini gaskiya. Shekara ashirin da shida, ba ka taɓa barin kwanon gidan nan ranar Nowel ba, kuma ni ban san Nowel nawa suka rage mini ba.

Amaryarka ta farko,
Miriyamu

*

Yamai, 6 ga Disamba

Kakata mai daraja,

Bayan gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Babu wata Bazabarma, Kaka. Wata biyar ke nan cikina yana kumburi, jikina yana ƙaiƙayi, an kasa gane dalili. Dokotoro ya ce in yi kwana talatin ban ci gero, dawa, masara, alkama, shinkafa, wake, gyaɗa, nono, sukari da magi ba. Daga baya sai in riƙa maido su ɗaya bayan ɗaya, har mu gane wanda ba ya shiri da ni. An bar mini nama, kifi, ƙwai, ganye, man ja da dankalin turawa. Yau kwana huɗu.

Nowel za ta faɗo cikin kwanakin. Ba zan iya zama gefe da ɗan kwanona ba, kamar baƙo, su Kawu Kalebu suna cin tuwonki a kwano ɗaya. In kuma kika miƙo mini fura, na san ba zan iya ce miki a'a ba. Ki yi mini haƙuri.

Jikanki,
Li'azaru

*

Madarumfa, 13 ga Disamba

Angona,

Ina gaishe ka da jinya. Na karanta takardarka sau uku, na kuma sa Kalebu ya karanta ko idona ne. Ya ce ai dokotoron nan rumbunmu gaba ɗaya ya kulle. Na ce to, ya bar ƙofa ɗaya, ta nan za mu shiga.

Na aiki Kalebu kasuwar Maraɗi ya kawo mini rabin buhun dankalin nan naku. Ni dai a soye kawai na taɓa ganinsa, a bikin 'yar fasto, amma abin da tukunya take dafawa bai fi ƙarfina ba. Don kada ya ruɓe kafin ka zo, na shanya shi a kan rumfa tare da kuɓewa da barkono. Kwana biyar ke nan yana shan rana. Ka ga yadda ya yi kore shar, gwanin kyau, ina jin nuna yake yi. Jibi zan gwada dafawa, kawunka zai ɗanɗana. Ka fara haɗa kayanka.

Taka,
Miriyamu

*

Yamai, 15 ga Disamba

Kaka,

Gaisuwa a gurguje. Na yi ta kiran wayar Kawu ba ta shiga, shi ya sa na ba direban motar safe wannan. Don Allah kada kowa ya ci dankalin da ya yi kore. Ba nuna ba ce, rana ce ta sa shi yin dafi. Ba a shanya shi kamar hatsi, duhu yake so. Ki zubar, kuma kada ki ba awaki. Ki daina wahalar da kanki saboda ni.

Li'azaru

*

Madarumfa, 19 ga Disamba

Angona mai ilimi,

Barka da ƙoƙari. Takardarka ta iso lafiya, sai dai kawunka ya riga ta. Loma uku ya yi, ya ce abin yana kartar maƙogwaro, na ce ƙauyanci ne, ya ƙara biyu. Hantsin ranar a bayan gida ya yi shi. Yanzu ya warke sarai, amma in ya hange ni da kwano sai ya tuna yana da aiki a gona.

Sa'adatu maƙwabciyata, wadda ta yi tuyar abinci a tashar Maraɗi, ta yi mini dariya har ta zauna a ƙasa. Ita ta zaɓo mini wani sabo, fari tas, muka shimfiɗa yashi ƙarƙashin gadona muka jera shi. Ta ce a soya. Na ce jikana ba ɗan tasha ba ne, tuwo zai ci.

Ga yadda na yi. Na dafa shi da ɓawonsa har tsinke ya shige, na ɓare da zafinsa, yatsuna suna kuka. Na wanke turmi sau uku don kada ƙanshin gyaɗa ya biyo shi. Karon farko na zuba ruwa, ya zama kunu. Karo na biyu ban sa ko ɗigo ba, na kirɓa da zafi, sai ga shi yana danƙo yana kama taɓarya kamar sakwara. Na mulmula, ya tsaya da ƙafarsa. Miyar kuwa ta yakuwa ce da tarwaɗar tafki, albasa, tumatir, gishiri da man ja. Ba magi, ba daddawa. Sa'adatu ta ci, ta sake kai hannu.

Yanzu ka saurara. Na tara gidan nan na ce ranar Nowel kwano ɗaya ne, kuma wannan tuwon ne a ciki. Ba wanda zai dama fura a gabanka, ni ma kwana uku ke nan ban sha ba, don in ji abin da kake ji. Babu daɗi, na yarda. Kalebu ya ce shi wake da shinkafa zai ci. Na ce ya je gidan surukansa ya ci. Sai ya ce, "Inna, in dai fari ne, kuma yaron ya fara kai loma, zan ci."

Abu ɗaya ne ya dame ni. Tuwon mutum goma sha ɗaya ne, shi kuwa dole a kirɓa shi da zafi ba hutawa, ga kafaɗata ta fara bin sawun gwiwa. Amma zan yi. In ka ƙi zuwa, mu ci abinmu muna zaginka.

Allah ya ba ka lafiya.
Miriyamu

*

Yamai, 21 ga Disamba

Amaryata,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna Sa'adatu, ki ba Kawu haƙuri. Ƙaiƙayin ya ragu. Na karɓi tikitin motar jibi. Ki koma shan furarki tun yau, umarnin miji ne. Ranar Nowel ki dafa, ki ɓare, ki zauna a kujera ki yi ta ba da oda. Taɓarya tawa ce.

Angonki,
Li'azaru