Littattafan da Baba Ya Ƙona

Yeongyang, 9 ga Disamba

Zuwa ga Yayana Tae-gyun,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Yaya Mi-ryeong da yara. Allah ya ƙara muku lafiya a can Brazil, ya sa albarka a shagon. Mu nan da sauƙi. Na gama haɗa kimchi na hunturu, tsimin kabejin nan namu mai yaji, kabeji ashirin kacal, a gidan da marigayiya Mama kan yi ɗari biyu. Gwiwar Baba tana nan yadda ka bar ta.

Yaya, an rufe cocinmu. Shugabanni sun zo daga gari, suka ce ba a riƙe coci saboda tsofaffi uku, motar cocin gari za ta riƙa ɗaukarsu. Baba ya zuba musu shayin sha'ir, ya ce sun yi gaskiya. Shekara arba'in da ɗaya yana fasto a ƙauyen nan, maganar rufewar ba ta kai rabin awa ba.

A Lahadin ƙarshe ya yi wa'azi a kan kalmarsa ta Ibrananci, hevel, wadda ya ishe mu da ita tun muna yara. Ka san kullum yana faɗa da masu fassara ta da "banza". Cewa yake asalinta numfashi ne, irin wanda kake gani a bakinka da safiyar sanyi: yana nan da gaske, riƙe shi ne ba ya yiwuwa, kuma abin da ba ya daɗewa ba shi ne marar amfani ba. Wannan karon ya kai tsakiya sai ya tsaya. Ya dubi kujeru, ya ce yana jin masu fassarar sun fi shi sani. Iya Bun-nyeo, wadda kunnenta ya yi nauyi, ta ɗaga murya ta ce, "Fasto, shekara arba'in kana tauna kalma ɗaya, har yau ba ka haɗiye ta ba?" Sauran biyun suka yi dariya. Shi ma ya yi, ya rufe da addu'a.

Washegari da hantsi na dawo daga rumbun barkono na tarar da shi tsugune a bakin murhun da ke ɗumama daɓen ɗaki. Littattafan rubutunsa ne, goma sha bakwai, duk abin da ya tara a kan kalmar nan da niyyar bugawa. Yana yaga su yana turawa cikin wuta. Na fizge na ƙarshe, ya miƙo hannu ya ce, "Kawo, 'yar nan. Ko ba komai yau sun ɗumama ɗaki." Na ba shi. Ban san dalilin da ya sa na ba shi ba.

Tun ranar ba ya karatu, ba ya musu da kowa, abinci ma sai na tsaya a kansa. Likita ya ce jikinsa lafiya. Ya hana ni gaya maka, wai kana da naka nauyin. Ba zan ce ka zo ba, na san ba zai yiwu ba, kuma ban ga abin da zuwanka zai gyara ba. Roƙona ɗaya ne: ka riƙa kiransa ranar Lahadi, ƙarfe goma na safe agogonmu. A lokacin ne yake saka baƙar kwat ɗinsa, ya ɗaura takalmi, ya tsaya a bakin ƙofa, bai san inda za shi ba.

Ka gaishe da Yaya Mi-ryeong, da Ha-ram da Ye-sol. Gwaggo Ok-bun ta ce a gaishe ku.

Ƙanwarka,
Seon-rye