Yahiyar da Tayar Jirgi Ta Jawo

Malanbil, Asabar ta kasuwa

Zuwa ga ƙanwata Hauwa, a Doso.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina hwatan kina lahiya, ke da maigidanki da ɗiya duka. Ni lahiya lau, sai gwiwa. Malam Issufu na bakin kasuwa ka rubuta min, na ce mai kar shi gyara min magana.

Na san labari ya ishe ki, amma a karkace. Ga yadda anka yi.

Ran da munka taso daga Makka anka jera mu gari-gari, sai ga ni kahwaɗa da kahwaɗa da Na-Allah, ɗan wan Baba, wanda yas sare mangwaron da Baba yad dasa kan iyakar gonar albasarmu ta Garu. Shekara goma sha tara ban ce mai sannu ba. Ko Arfa nesa da shi nit tsaya.

Da munka iso bisa Kotono jirgi yaƙ ƙi sauka, muna ta kewaya teku. Anka yi magana da Faransanci, wani mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, na garin Gene yaj juya muna da Hausa: wai tayoyin gaba sun maƙale cikin cikin jirgi, direba shina ƙone mai don kar wuta ta tashi. Hauwa, don Allah mi ag gamin taya da ciki? Amalanken jakina shekara ashirin tayoyinai na waje, bai taɓa ba ni kunya ba.

Anka ce mu tuɓe takalma, mu duƙe kai ga gwiwa. Mata na kuka, kowa na salati, kowa na neman gahwarar na kusa da shi. Sai Na-Allah yak kama hannuna, hawaye har gemu, yar roƙe ni in yahe mai. Kin sani ba a hana mutum yahiya bakin mutuwa. Nic ce na yahe duniya da lahira. Da ƙarhi nih hwaɗa sabadda ƙarar jirgi, mutum ya kai goma sunka ji.

To, ba mu mutu ba. Jirgi yas sauka bisa hanci yana jan ƙasa da tartsatsi, motocin kashe wuta sunka watsa mai kumhwa, munka sulalo bisa wata roba kamar buhunnan shinkahwa. Ko ƙwarzane babu.

Yanzu kullum sahe Na-Allah na gaishe ni gaban jama'a, har da tambayar gwiwata. Abin ga ba ya yiwuwa. Wanda za mu mutu tare niy yahe ma, ba wanda za shi zamna shina shan iska kusa ga kututturen mangwaron Baba ba. Zan amshe yahiyata.

Ki gaida kowa.
Wanki, Alhaji Manzo

Malanbil, Litinin

Hauwa,

Ina gaisuwa, ina hwatan zazzaɓin autarki ya sauka. Takardarki ta iso. Kin ce kin yi kukan murna. Kin yi gaggawa.

Na tahi wurin liman. Yac ce yahiya ba a maido ta, balle ta alhaji da bai ko kai gida ba. Nic ce mai abin da anka yi bisa tilas hwa? Yat tambaye ni wa yat tilasta ni. Nic ce taya. Duk zaure anka hwashe da dariya, har da waɗanda nig gani da idona suna kiran uwayensu cikin jirgi. Ga Malam Issufu ma shina dariya yanzu. Rubuta, Malam!

Wani abin haushi kuma: jiya nic ci miyar kihi har niƙ ƙara, sannan matata tac ce daga gidan Na-Allah kihin yah hito. Gidana duk an saye su.

Ran Juma'a bayan salla zan tara shaidun nan goma in warware maganata gabansu. Kar ki sake aiko min da zancen zumunta. Ke ba ki ɗebo ma iccen nan ruwa da tulu ba, ni niɗ ɗebo.

Wanki, Alhaji Manzo

Malanbil, Lahadi

Ƙanwata Hauwa,

Gaisuwa da hwatan alheri. Zamna ki ji rainin wayo.

Ran Alhamis ina ban ruwa sai ga Na-Allah da shaidu biyu. Bai ko yi min sannu da aiki ba. Yac ce ya ji abin da nika shiri, ba sai na wahal da jama'a ba. Wai yahiyar da tsoro yab ba shi bai son ta, ya maido min abina, mu haɗu gaban Allah. Yaj juya yat tahi. Na ga ya rame, Hauwa. Tahiyatai ta koma irin ta Baba sak, har jan ƙahwar hagun nan. Wannan ke kaɗai nika gaya ma.

Amma dubi ƙarhin hali! Wane ne Na-Allah da za shi maido min maganata, kamar ruɓaɓɓar albasa da ɗan Kotono yaƙ ƙi? Kuma wa yaj ji tsoro? Shi ka kuka, ni hannu kawai nib ba shi.

Ran Juma'a nit tashi gaban masallaci kamar yadda nis shirya, shaidu sun taru. Nic ce kowa shi ji: ni Manzo ba a maido min kyauta. Na yahe bisa, na yahe ƙasa, ƙahwata biyu bisa turɓayar Malanbil, ba taya ba teku. Liman yay yi ta hamdala kamar shi yay yi aikin.

Yanzu Na-Allah ya bar gaishe ni, wai hushi shika yi. Shi ya sa kullum sahe nika hawan keke da gwiwar nan har ƙohwar gidanai, in tsaya in yi ta sallama sai ya amsa. Jiya sai da nik kai sallama bakwai. Mu ga wa za shi gaji.

Kar ki ce kin ci nasara, babu hannunki ciki. Allah shi bar zumunci, tunda an ƙi barina in huta.

Wanki, Alhaji Manzo