Hannun Iska na Togjan

Kurchatov, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafar taka da wannan sanyi? Ina fatan Inna ta daina fita ɗebo gawayi ba safar hannu.

Baba, sun yarda! Za a gwada na'urata! Ka san sandunan da ake zurawa cikin tukunyar nukiliya don rage mata wuta. Injin lantarki ne ke ɗaga su yana sauke su, amma tururin nukiliya yana cinye masa waya, sai mutum ya shiga ya canja. Yerbolat-aga, babban makanikenmu, shi ke shiga. Bara tururin da jikinsa ya sha ya kai iyaka tun watan Agusta, likita ya hana shi aiki, ga 'ya'ya huɗu.

Tawa ba waya ko ɗaya. Fistin ne, iska ke tura shi, kamar birkin jiragen ƙasan da ka shekara talatin kana gyarawa. In iska ta yanke, sandar ta faɗa da kanta, wuta ta mutu. Na'urar za ta kwana ɗari a ɗakin tururi. Shugabanmu, Viktor Pavlovich, ya ce, "To, mu ga abin da famfon kekenki zai yi."

'Yarka,
Togjan

24 ga Maris

Baba,

Bayan gaisuwa, ka yi haƙuri ban zo bikin sabuwar shekara na Nauriz ba. Ran kwana na arba'in da ɗaya fistin ya cije. Ta gilashi nake kallo, na yanke iska, sandar ta sauko rabi ta tsaya. Da aka fito da shi, cikinsa duk tsatsa, alhali ƙarfen ba mai tsatsa ba ne. Na kasa gane dalili. An ba ni mako biyu, in ban gano ba a rufe aikin. Na shiga banɗaki na yi kuka, ban ɓoye maka ba. Yerbolat-aga ya kawo mini shayi ya ce, "Sha, ƙanwata. Ƙarfe ne, ba aljani ba."

Ka yi mini addu'a.

Togjan

20 ga Yuli

Babana na kaina,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna.

Wasiƙarka layi uku ce, na haddace ta: "Ke da digirinki biyu, yaushe rabon ki zubar da ruwan tankin iska? Iska tana ɗauke da ruwa. Kowane yaron birki ya san wannan." Na kunce ƙasan tankin, sai ga ruwa kusan kofi biyu! Ashe tururi na haɗuwa da danshin ya zama ruwa mai cin ƙarfe. Muka sa matatar busar da iska, muka fara ƙirga daga ɗaya.

Jiya kwana ɗari suka cika. Mutum goma sha ɗaya a bayana, kowa ya zuba ido. Na yanke iska. Fat! Sandar ta kai ƙasa kafin daƙiƙa ɗaya. Aka sake, aka sake, har sau hamsin, ba ta cije ba. Yerbolat-aga ya rungume shugaba har gilashinsa ya faɗi, yana ihu, "Na daina shiga ramin nan! Wallahi sai na ga jikokina!" Yau matarsa ta aiko mini da naman doki da taliya cike da roba.

Da aka watse, Viktor Pavlovich ya ja ni gefe. "Wane farfesa ya ba ki shawarar ruwan nan?" Na ce Babana ne, yana tashar jirgin ƙasa ta Ayagoz, aji bakwai ya yi. Sai ya ce, "Kira mini shi."

An ba ka izinin shiga wurin aikinmu ran sha biyu ga Agusta. Ka zo da katin shaidarka, ka sa kwat ɗin nan mai ruwan toka. Kuma don Allah, Baba, in ka ga wani kuskure, ka gaya mini a kunne tukuna.

'Yarka mai ƙaunarka,
Togjan