Jar Suwaita a Kan Abaya

Daren Laraba, watan Rajab, Makka

Barci ya ƙi zuwa. Kwanakin nan sanyin safe ya fara shigowa, shi ne yau da safe na ɗauko jar suwaitar da matar da nake yi wa wanki ta ba ni, na ɗora a kan abayata, na nufi kasuwa. A Katsina ai abu mai kyau a sama ake sa shi, kowa ya gani.

Tun ban kai titi ba na lura ana kallona. Wani askari ma, ɗan sandan nan ƙasar, ya bi ni da ido har na sha kwana. Ni da ba ni da igama ta izinin zama, ba ni da wata takarda! Ko tumatir ɗin da na fito saye ban saya ba na juyo gida.

Zainabu 'yata na ganina ta riƙe baki. "Yumma, aib! Abin kunya ne, Mama! A nan ciki ake sa ta, abaya a sama. Daga nesa za a ce ga baƙuwa."

Na daka mata tsawa, amma gaskiyarta.

Shekara da shekaru ina haɗiye Hausata a kasuwa don kada a gane ni, ashe suwaita ce za ta yi Hausar a madadina. Ga ta can a rataye, ja wur, kuma wallahi har yanzu ina son ta.